Ƙarfen da ya ɓace a Neja Delta ya ɓulla a Jamus: wa ke da alhaki?

Mai karatu, a watan Disamba na shekarar 2002 wasu ƙarafa guda biyu suka yi ɓatan dabo daga hannun kamfanin Halliburton, reshen Nijeriya, a tsakanin Warri da Fatakwal. Ba su da wani girma na a-zo-a-gani, in ka tsinci irinsu a bakin hanya ka ce guntun bututu ne. Amma a cikinsu akwai sinadarin amerisiyam gauraye da beriliyam, masu fitar da abin nan da gidajen rediyo ke kira tururin nukiliya. Masu haƙar man fetur na zura irin wannan ƙarfe cikin rijiya, sai ya riƙa harba ƙwayoyin nutron cikin dutse, wata na'ura kuma tana auna waɗanda suka dawo. Da haka ake gane yawan ƙofofin da ke jikin dutsen da kuma ko akwai ruwa ko mai a ciki. A ƙarƙashin ƙasa kayan aiki ne mai amfani. A aljihun mutum kuwa ciwo ne, domin yana ƙona nama yana lalata jini, kuma sai an yi shekara 432 kafin ƙarfin amerisiyam ya ragu da rabi.

Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, jaririya ce a lokacin, don haka a farkon 2003 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta turo ƙwararru su taya nema. Ba a same su a Delta ba. A Jamus suka ɓulla, a jihar Bavariya, cikin tarkacen ƙarafan da aka kai don narkewa. Daga can aka wuce da su Amurka, alhali Nijeriya na neman a maido mata su domin bincike. A watan Satumba na 2004 gwamnatin Obasanjo ta haramta ba kamfanin kwangila, tana zarginsa da sakaci da ƙin ba da haɗin kai.

Za a ce, to ai sace su aka yi, laifin ɓarawo ne. Gaskiya ne akwai laifin ɓarawo, akwai kuma laifin hukumominmu da abu irin wannan ya fice daga ƙasar ba wanda ya tare shi. Amma a ganina babban alhaki na wuyan wanda ya shigo da abin, ya san haɗarinsa, yake kuma cin ribarsa. Wanda ya kawo kura cikin gari shi ke da nauyin takunkumi, ba zai ce yara ne suka kwance igiya ba. Kuma ba a Nijeriya kaɗai abin ya taɓa faruwa ga wannan kamfani ba, domin a Satumbar 2012 ya sake ɓatar da irin wannan ƙarfe a jihar Texas, a ƙasarsa ta haihuwa, sai bayan kusan wata guda aka tsince shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda hukunci ke yin nauyi a can ya yi sauƙi a nan. Dubi maganar cin hancin kwangilar iskar gas ta tsibirin Bonny, wadda wannan kamfani da tsohon reshensa KBR suka shiga ciki. A 2009 sun biya hukumomin Amurka dala miliyan 579. A ƙarshen 2010, da Nijeriya ta shigar da ƙara har da sunan Dick Cheney, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1995 zuwa 2000, sai aka sasanta a kan dala miliyan 35 aka janye ƙarar. A nan aka yi ɓarnar, amma can aka kwashi kaso mai tsoka. Kamfani kuwa lissafi yake yi. In ya ga tarar sakaci ba ta kai kuɗin tsaro ba, tarar zai zaɓa.

Wa zai fara cin karo da irin wannan ƙarfe in ya ɓace? Ba manajan kamfani ba ne. Ɗan gwangwan ne, yaron nan mai tura baro yana bin layi-layi yana sayen tsohon ƙarfe, da ubangidansa mai sikeli, da mai walda da zai sa wuta ya yanka. Kowa ya san yawancin masu wannan sana'a, har a garuruwan kudu, matasan arewa ne. A birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka ɗauko na'urar gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar. Hodar da ke ciki tana walƙiya shuɗi-shuɗi da dare, sai mutane suka riƙa rabawa 'yan uwa don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, an sami 249 da gubar ta taɓa, an kuma auna sama da mutum 100,000. Kusa da mu ma, a Arlit ta Jamhuriyar Nijar inda ake haƙar yuraniyam, wata ƙungiyar masana daga Faransa ta tarar a 2003 ana sayar da tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu ɗauke da gubar a kasuwa.

Mu mutanen Filato kuwa bai kamata a ba mu labarin kamfanin da ya ci ya goge baki ya tafi ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa, irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria, suka yi ta haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield da Bisichi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tilasta wa mutane aka yi daga lardunan arewa, abin da kakanni ke kira ɗiban gwamna. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, sai aka bar mana ɗaruruwan kududdufai da tsibin yashin da aka tace. A cikin wannan yashi akwai ma'adinin monazait, mai ɗauke da toriyam, wanda shi ma yana fitar da tururin. Masu bincike daga jami'o'inmu sun auna wuraren tace kuza a Bukuru da Bisichi sun sami abin ya zarce na sauran wurare. Na tashi ina ganin ana kwasar irin wannan baƙin yashi ana shafe ɗaki da shi, yara na wasa a kai, kuma ban taɓa ganin allo ko guda da ke gargaɗi ba, balle a ce da harshen da mutanen wurin ke ji. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara ƙasa bayan ya gama, amma ta zo ne bayan masu laifin sun daɗe da kwashe kayansu.

Kada a ɗauka maganar mai ta mutanen kudu ce kawai. A Nuwambar 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gwambe, a 2023 kuma aka fara haƙa rijiya a ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa, wadda har 1996 yanki ce ta Filato. Inda duk ake haƙa rijiyar mai ana buƙatar awo irin wanda na bayyana, kuma hanyar Akwanga zuwa Jos zuwa Bauchi na cikin manyan hanyoyin da ke haɗa kudu da arewa maso gabas. A can Delta kuma manyan kamfanoni na sayar da rijiyoyinsu na kan tudu suna janyewa, kamar yadda Shell ta kammala yi a Maris na 2025. Wanda ya san tarihin kuza zai gane wannan salo.

Abin da nake ganin ya dace a bayyane yake. Kamfanin da ya ɓatar da irin wannan ƙarfe ya sanar cikin sa'o'i, a rediyo, ya biya kuɗin nema da na auna lafiyar duk wanda abin ya shafa, kuma ya ajiye kuɗin jingina tun kafin a ba shi lasisi. A Janairun 2023 wani ɗan ƙarfe da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba ya faɗo daga mota a Ostireliya, a hanya mai tsawon kilomita 1,400. Aka yi shela, aka baza masu nema, aka same shi cikin kwanaki, kamfanin Rio Tinto kuma ya fito ya nemi gafara.

Saura namu, ɗaliban harshe. Shela ba ta da amfani in ba a fahimce ta ba. Alamar nan mai fukafukai uku da ake mannawa a jikin waɗannan kaya, ɗan gwangwan zai ɗauka hoton fanka ne. Ita kanta hukumar ta duniya ta gane haka, shi ya sa a 2007 ta ƙara wata alama ja mai ƙoƙon kan mutum da hoton wani yana gudu. Ni da Hausa ba harshen uwa ba ce a gare ni, a kasuwa da makaranta na koye ta, ina kuma ganin kalmar "tururi" na yaudarar mai sauraro. Tururi ana ganinsa, ana jin zafinsa, mutum na iya kaucewa. Wannan kuwa ba launi, ba wari, ba zafi nan take. "Burbushi" ma bai biya ba, don yana nuna abu ne da za a iya kakkaɓewa daga riga. Ni dai "ɓoyayyen haske mai guba" na fi so, ko da yake ya yi tsawo ga allo. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta zauna da ɗaliban sashen Fiziks, a tsayar da kalma, a rubuta gargaɗi na jimla uku da Hausa da Berom da Ngas, a gwada karanta shi ga masu sikelin gwangwan a Jos da Bukuru, a ji abin da suka fahimta kafin a kai gidan rediyo.