TANDERUN DA YA ƘI ZAFI, GYARA YAKE SO

'Yan'uwa manoma, da zarar an kai amfanin gona gida, hankalin gidaje da yawa a Birchi da ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma yakan koma kan sana'ar rani. Cikin sana'o'in nan akwai gashin burodi da kek, wanda matan ƙungiyoyinmu suke yi a tanderun ƙasa, irin wanda ake ginawa da tubali, mai kai kamar kifaffiyar ƙwarya, da ƙofa ɗaya a gaba. Waɗansu suna ce masa obin. Kowace shekara kuwa, daidai lokacin da cinikin Kirsimeti da na bukukuwan aure ya fara kankama, kuka ɗaya muke ji, watau tanderu ya ƙi zafi. Burodi yana fitowa fari, cikinsa ɗanye, ko kuwa samansa ya ƙone, ƙasansa bai gasu ba.

Abin da aka saba yi shi ne a ƙara itace. Wadda take hura wuta da dami ɗaya sai ta koma biyu. In abin ya faskara, sai a rushe a sake gini, ko a bar sana'ar ɗungum. A ganinmu duka ukun nan hasara ce. Yawancin tanderun da ake cewa sun mutu, gyaran yini ɗaya ko biyu suke bukata, da kayan da ke kwance a bayan gida.

Mun ɗauki maganar da nauyi domin itace ya zama abin da ya zama. Iyayenmu sun yi itace a bakin gona. Yau dajin Rugu, wanda ke yamma da mu, ya zama wurin da mai neman itace yake sayar da ransa in ya shiga, saboda 'yan bindiga. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, itacen da ake kawowa kasuwa ya bi shi. Duk damin da aka ƙona a banza, ribar matar nan ce ta bi hayaƙi, kuɗin makarantar yaro ne, wani lokaci ma gawon da ke tsakiyar gona ne aka sare.

Bari mu fara da yadda tanderu yake aiki. Harshen wuta ba ya taɓa burodi, gama ana kwashe wutar kafin a sa shi. Bango da daɓen tanderu ne suke shan zafi sa'ad da wuta take ci, su ajiye shi, sa'an nan su riƙa sakinsa a hankali. Ashe tanderu rumbu ne, sai dai abin da ake zubawa a cikinsa zafi ne. To, wane manomi ne zai ga gindin rumbunsa ya huje, ya ce maganin shi ne a ƙara zuba gero? Sai ya nemi inda ya huje. Ga wurare biyar da za mu duba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na fari, itacen kansa. Itacen da aka sara ɗanye, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Zafin da ake bukata kafin ruwa ya ƙafe ya zama tururi ya fi ninki biyar na wanda zai kai shi ga tafasa. Saboda haka ɗanyen itace yana cinye zafinsa wajen busar da kansa. Alamarsa ita ce kumfa a gindinsa, da tsuwa, da farin hayaƙi mai yawa. A gwara guda biyu, busasshe yakan yi ƙara ƙwal, ɗanye kuwa sai ka ji dum. A faskara itace ƙanana, a jera a rumfa inda iska ke ratsawa. Kara yana da kyau wajen tayar da wuta, amma ba ya barin garwashi, don haka ba ya isa shi kaɗai. Kada a kuskura a sa taya ko leda ko tsohon takalmi, domin dafinsu yana shiga burodi da ƙirjin mai gashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Na biyu, iska da ƙofa. Wuta tana numfashi. A irin tanderun nan iska tana shiga ta ƙasan ƙofa, hayaƙi yana fita ta samanta. In toka ta taru, ta toshe iska, ta kuma rufe daɓe kamar bargo, har daɓen ya kasa shan zafi. Wannan ne yakan sa ƙasan burodi ya fito fari. A kwashe toka kowace rana, a kai gona. Sa'an nan a auna ƙofar. Masu gina tanderu a ƙasashe da yawa sun gano cewa tsayin ƙofa ya kamata ya zama wajen kashi 63 cikin 100 na tsayin cikin tanderu, watau ya ɗan gaza kashi biyu cikin uku. In cikin ya kai inci 24, ƙofa ta zama inci 15. In bakin ya zube ƙofa ta yi tsawo, zafi yana gudu. In ta cika gajarta, wuta tana shaƙewa. Tubali biyu ko uku da yaɓe sun isa gyara wannan.

Na uku, danshi. Tanderun da ya sha ruwan Agusta ba rumfa, ko wanda aka gina a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ya jiƙe har ciki ko da bayansa ya bushe. Shi ma zai yi ta cinye wuta kamar ɗanyen itace. Alamarsa ita ce tururi daga bango, da sanyin daɓe bayan an daɗe ana hura wuta. Kada a far masa da babbar wuta, gama zai dare. A hura ƙaramar wuta kwana uku ko huɗu a jere, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Bayan haka a yi masa rumfa mai tsayi yadda wuta ba za ta kai ta ba, a kuma haƙa 'yar hanyar ruwa kewaye da gindinsa.

Na huɗu, tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta nan kuma zafi yake samun wurin fita. A hura 'yar wuta, a ɗora mata ciyawa mai danshi, a kara murfi, a zagaya a ga inda hayaƙi yake ɓullowa, a shata wurin da gawayi. Tsaga siririya kamar gashi ba ta da laifi. Wadda tsinke ko yatsa zai shiga ita ce abin gyara. In tanderu ya huce, a ɗan buɗa tsagar da wuƙa, a yayyafa ruwa, a cusa kwaɓin yumɓu da yashi. Galibi kwano ɗaya na yumɓu ana ba shi kwano biyu na yashi, amma ƙasa ta bambanta, don haka a fara yin ƙananan tubala na gwaji a shanya. Wanda bai tsage ba, bai kuma marmashe ba, shi ne ma'aunin. Kada a sa ciyawa cikin kwaɓin da zai fuskanci wuta, gama za ta ƙone ta bar rami. Kada kuma a sa siminti. Mutane suna ganin ya fi ƙarfi, amma siminti ba ya jure wuta, yakan farfashe ya zubo kan burodi.

Na biyar, rigar tanderu da murfinsa. Bayan awa ɗaya da hura wuta, a ɗora hannu a bayan tanderu. In hannu bai iya zama ba, to tsakar gida muke ɗumamawa da itacenmu. A kwaɓa ruwan yumɓu da ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko garin katako, a yaɓa masa riga mai kaurin inci 4. In har za a ɗaga daɓe, a jera kwalabe marasa komai a kwance cikin yashi a ƙarƙashinsa, domin iskar da ke cikinsu tana hana zafi nutsewa ƙasa. Murfi kuwa, fallen kwano kaɗai ba ya tare zafi. A yi na katako mai kauri, a lulluɓe cikinsa da kwano, a toshe gefensa da jiƙaƙƙen buhun algarara lokacin gashi.

Ta yaya za mu san gyara ya yi? Tanderu da kansa zai faɗa. Da farko cikinsa yakan yi baƙi da kunkunniya. In zafi ya kai, kunkunniyar takan ƙone, bango ya yi fari. Sai a kwashe garwashi, a share, a rufe kamar minti ashirin domin zafi ya daidaita. Burodi yana son digiri 200 zuwa 230. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya barbaɗa fulawa kaɗan a daɓe. In ta yi baƙi nan take, a dakata. In ta yi ja sannu a hankali, a sa burodi.

Wani zai ce, wannan wahala ta mece ce, ba gara ƙungiya ta tara kuɗi ta sayi obin na gas ko na lantarki ba? Ba mu ƙi ba, ga wanda yake da hali. Amma shi ma yana ƙin zafi. Na gas, in wutarsa ta koma rawaya, ƙofofin da gas ke fitowa sun toshe, in kuma robar bakin murfi ta mutu, zafi yana zurarewa. Ana neman yoyon gas da ruwan sabulu, ba a nemansa da ashana. Na lantarki kuwa, in ƙarfin wuta ya ragu zuwa rabi, zafinsa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma cikinsa sai mai gyara da ya koya. Tanderun ƙasa kayan gyaransa suna bakin rafi, ba sai an shiga mota zuwa Katsina ba.

Don haka ga shawararmu ga kowace ƙungiya. A taro mai zuwa a zaɓi mutum biyu, mace mai gashi da namiji magini, su zagaya kowane tanderu da zarar ruwa ya ɗauke, su duba wuraren nan biyar. A sa ranar gayya ta yaɓe kamar yadda muke yi wa rumbu. A riƙa ware kuɗin burodi ɗaya daga kowane gashi domin gyara. Magatakarda kuma ya rubuta yawan itacen da ake ƙonawa kafin gyara da bayansa, domin mu gani da idonmu. Maza, kada mu ce wannan sha'anin mata ne, gama kuɗin burodin nan yana shiga tukunyar da muke ci. In masu dubawa sun zo gidanka suka nuna maka tsaga, kada ka ji haushi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.