Akushi Ya Fara Wuyar Gani A Kasuwanninmu

Wanda duk ya zaga kasuwar Gusau, ko ta Tsafe, ko ta Bunguɗu, zai tarar roba da silba sun cika rumfuna, akushi kuwa sai an cigita. Alhali a cikinsa ake kai wa maigida tuwo an rufe da faifai, ran suna ko buki kuma da shi ake fita kunyar baƙi, gama tuwo ba ya saurin hucewa a ciki.

Galibi akan ɗora laifin bisa kwanon Turawa, wanda ya yawaita bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau. Mu dai a ganinmu babbar cutar tana daji. Masassaƙi ba ya aiki sai da ƙaton gungume na ɗanya ko kawo, ga shi masu gawayi sun cinye na kusa, na nesa kuwa ɓarayin daji sun hana zuwa. To, uban da bai sami icce ba, da me zai koya wa ɗansa riƙon gizago?

Mutanen Haida na ƙasar Kanada sun yi irin wannan hasara ta wata hanya. Daga 1885 zuwa 1951 hukuma ta hana bukinsu na rabon kyauta, akusansu masu siffar dabbobi da dama suka ƙare a gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka, har jikoki suka riƙa bin su can don su koyi aikin kakanninsu.

Muna roƙon hukumar ilmi ta gayyaci masassaƙan da suka rage su koyar a Kwalejin Ilmi ta Maru, kowace firamare kuma ta dasa ɗanya a filinta da daminar bana.