Masu cewa a bar bincike a kama walda

A 'yan kwanakin nan wata magana ta cika bakin manya, daga wuraren taro har gidajen rediyo: wai ƙasa matalauciya irin Nijar ba ta da halin ciyar da ƙato shekara da shekaru yana neman digiri na biyu da na uku a fannin kimiyya, gara a koya masa walda ko gyaran babur ya ci da kansa. Duk inda aka faɗe ta sai an tafa. Ni kuwa ban taɓa jin maganar da ta raina mutanen Tasawa da Mayahi kamarta ba, kuma abin takaicin shi ne da sunan tausayin talaka ake yin ta.

Ba ni da faɗa da mai walda. Faɗana da mai faɗin maganar ne, wanda nasa 'ya'yan suna Faransa ko Maroko suna wannan karatun da yake cewa bai dace da 'ya'yan wasu ba.

A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa har ya kai matakin dokta, ya dawo gida ya riƙe ONERSOL, hukumar binciken makamashin hasken rana, tun daga 1969. Shi da mutanensa suka yi ta ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana a lokacin da duniya ke kallon abin kamar wasan yara. Yau ka shiga kasuwar Tasawa ka ga faifan sola jibge, duk daga Sin aka sauke su. Mu da muka fara, mu ne muka koma masu saye, domin an bar aikin ya mutu da yunwa. An liƙa sunansa a jami'ar Yamai, sannan ana tsayawa a inuwar sunan ana cewa bincike almubazzaranci ne.

A je a tambayi manomin gero na Mayahi ko ya san murzuna, tsutsar nan da ke shiga zangarniya ta yi mata zane mai murɗe ta bar ta ba ƙwaya. Maganin da aka samo mata a cibiyar INRAN ta Maraɗi ba feshi ba ne. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro, masana na ce masa Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya sandarar da ita ya nasa ƙwansa a jikinta. Ana kiwonsa a cikin 'yan jakunkunan algarara da aka zuba wa gero da tsutsar wani ƙwaron daban, a kai su ƙauyuka lokacin da gero ya fid da kai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su bazu cikin gonaki. Kafin a san jaka nawa ke isar gari ɗaya, da nisan da ƙwaron ke iya kaiwa, da makon da ya dace a sake shi, sai da wasu suka yi damina bayan damina suna tsaga zangarniya suna ƙirga tsutsa mai rai da matacciya. Babban rabo na irin wannan ƙirge ɗalibai ne ke yin sa, masu neman digiri na biyu da na uku, cikin rana, ba ministoci ba.

Haka buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, PICS, wanda aka fara yaɗawa tun 2007 tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an barbaɗa guba a cimar iyali ba. Matar da ta ajiye wakenta har farashi ya tashi da bazara ta ci amfanin gwajin da aka yi a Maraɗi, ko da ba ta taɓa jin sunan wanda ya yi shi ba.

Wanda kuma yake son ganin abin da rashin gwaji ke jawowa, ga Tibiri nan kusa. Rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fulowa ninkin ba ninkin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Yara ɗaruruwa suka tashi da haƙora masu ja da ƙafafu a lanƙwashe kafin a farga. Gwajin da zai nuna wannan ba ya fi ƙarfin ɗalibin kimiyyar sinadarai da aka ba kayan aiki. Yanzu da kowane ɗan siyasa da kowace ƙungiya ke haƙa burtsatse a ƙauyukan Gulbin Kaba, wa ke bin su rijiya rijiya yana auna ruwan? Mai walda zai ƙera hasumiyar tankin, amma ba shi zai gaya maka abin da ke cikin ruwan ba.

Za su ce ai kundayen binciken suna can a jibge suna shan ƙura. Suna sha, kuma laifin masu faɗin haka ne. Wanda ya hana jaki dusa ba shi da bakin cewa jakin ba ya tafiya. Kuɗin tallafin ɗalibi sai ya yi watanni bai fito ba, sai an rufe aji an fita zanga-zanga. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da aka kafa a 2010, tana da malamai da ɗaliban da za su iya aikin, amma ɗalibin da ba shi da kuɗin mota zuwa Kanembakashe ko Gazawa, balle na sinadarin gwaji, dole ya bi duk wanda ya miƙo masa hannu.

Nan ne abin da ya fi ci mini rai. Mai miƙo hannun yawanci furoje ne na wata ƙungiyar waje, kuma abin da furoje ke so takardar tambayoyi ce. Sai ka ga yaron da ya yi shekaru yana koyon lissafi da kimiyyar ƙasa an mayar da shi mai yawo gida gida yana tambayar magidanci awaki nawa gare shi, sau nawa ake ɗora tukunya a rana. Ƙauyukan Tasawa da Mayahi da Agye sun gaji da amsa tambayoyin nan, wasu dattawan har sun haddace su. A kwashe amsoshin a rubuta rahoto da Faransanci ko Ingilishi, sunan baƙo a gaba, na yaron a can ƙarshe idan ma an sa. Ba wanda zai koma ƙofar maigari ya ce ga abin da muka gano. Abdou Moumouni ya yi wannan ƙorafin na karatu da harshen da jama'a ba sa ji tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka. Ko sassabin zamani da ake yabon jihar Maraɗi da shi a duniya, manoma ne suka bar gawo da sauran tsiron kututture suka girma a gonakinsu, amma sai da masu bincike na waje suka duba hotunan tauraron ɗan'adam suka ce hekta miliyan 5 ne a faɗin kudancin ƙasar kafin manyanmu su yarda an yi abin kirki. Goribar Gulbin Kaba, da mata ke rayuwa da kabarta, tana buƙatar wanda zai zauna shekaru yana auna yadda take tsirowa da yadda ruwan ƙasa ke sauka, ba mai zuwa mako biyu da motar furoje ba.

Kuma kada a ɗauka wannan magana sabuwa ce. Ita ce Bankin Duniya ya kawo mana a shekarun 1980, lokacin gyaran tattalin arziki: a rage kuɗin jami'a, talaka firamare ta ishe shi. A kan tsarin ilimi irin wannan ɗalibai suka yi tattaki a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Bankin da kansa daga baya ya sauya baki ya koma ba da kuɗin cibiyoyin bincike a jami'o'in Afirka. Mu ne muka riƙe tsohuwar maganarsa, kuma masu maimaita ta yau su ne waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan 'yancin kai da korar baƙi. Ƙasar da ke aika samfurin ƙasarta da ruwanta waje a gwada mata, ina son su gaya mini a wane fanni ta riƙe kanta.