Alau: Kada A Fake Da Sauyin Yanayi

'Yan'uwa, a 1994 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Shekara 30 cur, a Satumbar 2024, ta sake ɓallewa cikin dare, ruwa ya ci gidaje da kasuwa, har gidan yari da gidan namun daji. Mahukunta suka fito suna cewa wai sauyin yanayi ne. To, mun ji! Ai wanda ya san damina ta canza hali, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, shi ya wajaba ya yashe madatsa, ya faɗaɗa mafitarta, ya rage ruwan tun Agusta, ya kwashe talakawa kafin su kwanta. Wanne suka yi? Sai rabon shinkafa a sansani, ana ɗaukar hoto!