Ranar da ba a je Kure ba

Bayan fitowarmu ta baya wani magidanci ya tare ni da tambaya. Ɗiyarsa tana jami'a a Yamai, ta aiko tana neman izini da kuɗin mota domin fitar aji, wadda ɗalibai ke kira sorti, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na ce masa ni ba ni da hukunci a kai, amma ina da labarin wata fita da ƙanwata ta yi a 2019, lokacin tana shekara ta uku a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni. Na yi masa alkawarin zan rubuta shi, ga shi kuwa.

Niyyarsu Kure ce, wajen kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Dosso, inda sauran raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo cikin gonakin mutane. A 1996 ba su wuce kimanin 50 ba, amma zuwa lokacin da nake magana sun haura 600, har an kwashi takwas a 2018 an kai Gadabeji. Malaminsu yana son su ga yadda manomi da naman dawa ke zama a fili guda. Ɗalibi talatin da biyu, kowa ya zuba jaka uku, aka ba wani mai kar rabin kuɗin tun ranar Alhamis. Asabar da asuba suka taru a ƙofar jami'a da ruwansu da guzurinsu. Ƙarfe bakwai babu mota. Ƙarfe tara direba ya ce yana wurin bakanike. Ƙarfe goma wayarsa ta daina shiga. Malamin ya ba su haƙuri, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Nan aji ya rabu. Wasu suka koma ɗaki suna tsinuwa, wasu suka kama shugaban aji da rigima kan kuɗi. Sai wani yaro ɗan Damagaram, wanda ba a san shi da magana ba, ya tambaya ko cikinsu akwai wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na ƙasa. Cikin goma sha tara da suka rage, huɗu kaɗai suka ɗaga hannu. Wannan lissafi ne ya fi ba ni mamaki cikin labarin duka. Yara ne da suka yi shekara uku a babban birnin ƙasarsu, suna zana taswirar Ayar da Kawar a takarda, alhali daga Harobanda ba su san ko'ina ba sai tashar mota da inda ake karɓar kuɗin da iyaye suka aiko.

Kafin su ɗaga, ƙanwata ta koma gefe ta kira mahaifinmu. Ta ce: “Baba, motar ba ta zo ba. Ƴan ajinmu za su shiga gari kallon gidan tarihi, ina son in bi su in ka yarda.” Ya tambaye ta su nawa ne, mata nawa ne, wa ke gaba. Da ta amsa, ya ce: “Kure na ba ki izini, wannan kuwa sabuwar magana ce, kin kyauta da kika faɗa. Ki tafi, amma magariba ta same ki a ɗaki.”

Da ƙafa suka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Duk sun sha ƙetare ta cikin taksi, a matse, ba wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyarta ya dubi kogin Isa. Ƙasa ga masu wanki sun baza tufafi a bakin ruwa, ga lambuna, ga masunta cikin jiragensu. A nan ne ɗaya daga cikinsu ya tuna musu cewa a kan wannan gada aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, suna tattaki daga wannan jami'a tasu, abin da ya gaggauta taron ƙasa na 1991. Kowace shekara suna jin ana ambaton ranar, amma ƙanwata ta ce sai da ta taka wurin da tafin ƙafarta ta gane ƙuncinsa, da yadda mai gudu ba shi da mafita sai gaba ko baya ko ruwa. Suka yi shiru, suka yi wa mamatan addu'a. Suna cikin haka sai ga ayarin raƙuma ɗauke da kaya yana ƙetarowa, wani ya ce to ga rabonsu, na dawa sun ƙi, na gida sun zo da kansu.

Gidan tarihin yana kusa da saukar gada. An kafa shi a 1959, yana ɗauke da sunan Boubou Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974. Sun ga zakuna da dorina, sun ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a rumfunansu, amma abu biyu ne suka riƙe su. Na farko ƙasusuwan manyan dabbobin nan na zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, masana suka ce sun haura shekara miliyan 100, wato hamadar da muka sani ta taɓa zama ƙasar koguna da kadoji. Na biyu wani busasshen icce ne a cikin rumfa, wanda mai wucewa zai ɗauka makamashi ne. Shi ne iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar rairayi, ayarin gishiri na Bilma suna gane hanya da shi, ba mai karya masa reshe ko don dafa shayi, har aka sa shi a taswira. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Ɗaliban sun daɗe suna dariya: duk faɗin Tenere, icce guda, shi ma sai da direba ya same shi, balle su da jaka uku-uku.

Guzurin Kure a inuwar gidan tarihi aka cinye shi, aka ƙara da dambu da kopto. Bayan azahar suka nufi kasuwar Katako, kuma a ganina nan ne suka yi karatun da ya fi na Kure. Sun tarar da masu narka gwangwani da tsofaffin kayan mota suna zuba tukwanen dalma, wasu suna yanka gangar ƙarfe suna fitar da murhu da akwati. Ɗan Damagaram ya fito da takardar tambayoyin da aka shirya domin manoman Kure, ya juya ta, suka shiga tambayar maƙeran daga ina suka zo, ina suke samun kaya, ina tukwanen ke tafiya. Wani dattijo ya amsa da Hausa, wani da Zabarmanci, waɗanda ke jin harshen suka yi tafinta. Dattijon ya ce shekara da shekaru yana wurin, Turawa sun sha zuwa da irin wannan tambaya, ɗan jami'ar garin kuwa yau ya fara gani.

Ba zan ɓoye muku ɓangaren da bai yi daɗi ba. Da yamma samarin suka so a koma Harobanda ta jirgin ruwa, matan suka ƙi, aka yi ta gardama har rana ta yi ja, ƙanwata ta tari taksi da sauran kuɗinta don kada ta saɓa wa Baba. Wata abokiyarta kuma ba ta kira gida ba. Wani ɗan garinsu ya gan ta a Katako tare da samari, labari ya riga ta isa, mahaifinta yana zaton tana Kure tare da malami. Sai da Baba ya sa baki, aka nuna hotuna da takardar tambayoyin, kafin a bar ta ta ci gaba da karatu. Yawo guda suka yi, ɗaya ta kwana lafiya, ɗaya ta yi wata biyu cikin kuka.

Kuɗin da aka ba mai kar bai dawo ba. Malamin ya karɓi rahoton Katako a madadin na Kure. Aka ce za a sake shiri wata shekara, sai ga harin watan Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas a can, maganar ta mutu. Ƙanwata ta gama karatu ba ta ga raƙumin dawa ba. Da Baba ya je Yamai ganin likitan ido, bayan an sallame shi ya ce da ita: “Kai ni in ga iccen nan naki.”