Babban Batir: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a tashar 'yan acaɓa ta Agege ko Ikorodu, ko ta unguwar Sabo a Badun da Shagamu, ya san abin da zan faɗa. Za ka ga yaro ya hau babur ya danna sitata, ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru. Kafin ya sauko 'yan ba da shawara sun kewaye shi, bakinsu ɗaya: "Batirinka ne ƙarami, je ka sa babba mai ƙarfi." To, wannan shawara ita na zo in tona yau, domin ta cinye gumin 'yan'uwanmu da yawa, kuma galibin masu cin ribarta sun san ba magani ba ce.

Bari mu fara da tambayar da mai shago ba ya so a yi. Ranar da babur ɗin nan ya fito daga kwali, da wane batir yake tashi? Da ƙaramin nan da ake zagi yau, kuma dannawa ɗaya. Ashe kuwa wani abu ne ya sāke, mu kuma duk mun san ko mene ne. An kai babur wurin bakanike an ce a ƙara masa gudu da ja. An ƙwaƙule silinda an sa fistin mai girma, an kankare kan injin don matsi ya ƙaru. Sa'an nan aka ɗaura fitilu huɗu ko biyar, da hon irin na tirela, da sifika, da wurin cajin waya. Bayan duk wannan aika-aika sai babur ya ƙi tashi, aka juya aka kama batir da laifi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ba na musun cewa akwai batir mai ƙarfin tayarwa, akwai kuma inda ya dace. A Amurka masu manyan babura irin Harley-Davidson, waɗanda injinsu ya haura cc 1,700, sukan ƙara faɗin silinda da matsi, har sitata ta kasa juya injin. Su ne 'yan kasuwa suka yi wa irin wannan batir. Amma su ma ba batir kaɗai suke saye ba. Sukan sauya wayoyi su sa masu kauri, su sa sitata mai ƙarfi, su kuma sa wata 'yar na'ura mai rage matsi a lokacin tayarwa. Babur ɗin ɗan acaɓa kuwa cc 100 ne zuwa 150. Ina aka haɗu?

Dubi haruffan nan uku, CCA, da mai shago ke nuna maka da yatsa a jikin kwali. Ma'anarsu ita ce yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a cikin sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Awo ne da aka tsara saboda ƙasashen ƙanƙara, inda man injin ke yin kauri da sanyin safiya. Yaushe rabon Ikko ko Fatakwal da irin wannan sanyi? Abokin gabar batir a ƙasarmu zafi ne, wanda ke ƙafar da ruwansa ya cinye farantan dalmar da ke ciki.

Ga yadda abin yake, ɗan'uwa mai karatu. Batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta yake yi, kamar randa. Tun shekarar 1859 da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago batirin dalma, haka yake har yau. A babur, koyil ne ke samar da wuta idan injin na juyawa, rektifaya ta daidaita ta, sa'an nan ta shiga batir. Kamfani ya auna ƙarfin koyil daidai da fitilar gaba da ta baya da sigina da hon ɗin da ya sa. Fitilar gaba mai wat 35 tana jan kusan amfiya 3. In ka ƙara ƙwai biyu masu wat 55 kowanne, ka ɗora wajen amfiya 9 a kai, alhali ƙaramin batirin babur abin da yake riƙewa duka bai wuce Ah 5 zuwa 9 ba. Ga shi kuma koyil ya fi rauni sa'ad da injin ke tafiya a hankali, watau a cikin cunkoson da ɗan acaɓa ke yini. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. In ka sayi babbar randa alhali ɗigon da ke zuba cikinta bai ƙaru ba, masu ɗiba kuma sun ninka, me ka yi? Ka jinkirta ranar da za ta bushe ne kawai. Batirin dalma kuwa in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, daga nan ba ya sāke riƙe caji.

Shi ya sa babban batir yake yaudara. Makon farko babur zai tashi kamar sabo, domin wutar da aka zubo masa a shago yake ci. Kana murna, kana yi wa mai shago addu'a. Bayan 'yan makonni gurnanin asuba ya dawo. Ba na cewa babban batir shi ke ƙona sitata da kansa, domin shi ma bolt 12 ne. Abin da yake yi shi ne ya ba ka damar danne maɓalli ka daɗe kana azabtar da ƙaramar sitata a kan injin da ya fi ƙarfinta, har ta yi zafi ta ƙone. Littattafan da ke zuwa da babura sukan ce kada a danna fiye da daƙiƙa 5, a huta daƙiƙa 10 kafin a sāke. Wa ke bin wannan in fasinja na tsaye?

Na ga wannan da idona. Wani yaron garinmu da ke kwana a shagona ya sayi batir uku tsakanin ƙaramar Salla da babba, kowanne ya fi na baya tsada. Da na gaji na ja shi wurin wani dattijon rewaya. Mutumin bai taɓa batir ba sai da ya ɗora mita. Ashe rektifaya ta daɗe da mutuwa, wayar da ke haɗa batir da jikin babur kuma tsatsa ta ci rabinta. Kuɗin gyaran duka bai kai na batir ɗaya ba. Yaron nan yana da uwa da ƙanne a gida masu jiran aike, ga mai babur na jiran balas kowace yamma.

Masu shago za su ce, "Mu kasuwa muke yi, abin da aka tambaya muke bayarwa." Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya san ciwo ba a nan yake ba, ya karɓi kuɗi ya miƙa magani, ya ci haram ko da bai buɗe baki ba. Balle ma suna buɗewa. Akwai kuma zancen lambobin da ake bugawa a jikin batir. Tawada ba ta da tsada, dalma ce mai tsada. In an ajiye maka batir biyu na dalma masu girma ɗaya, aka ce wannan ya ninka wancan ƙarfi, ɗauki kowanne a hannu ka ji nauyi. In wanda ake yabo ya fi sauƙi, ajiye musu kayansu.

Yanzu kuma an shigo da na litiyam, marar nauyi, mai tayarwa da kuzari. Na kirkinsa yana da kyau, amma ba ya jure cajin da ya wuce bolt 14.6. Ka ɗora shi a babur mai lalatacciyar rektifaya, ka sa wuta a ƙarƙashin mazauninka, kusa da tankin mai.

Kanikawa ma da nasu kason. Wanda ya kankare kan injin bai gaya wa mai babur abin da zai biyo baya ba, ya ci amana. Mu ma masu hawa kada mu wanke kanmu. Son a ji ƙararmu a ga hasken fitilunmu shi ya kai mu. Shin lokacin ado ne wannan? Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Hanya ta ƙuntata, mai ya yi tsada, kayan gyara da ake shigowa da su sun bi darajar dala. Mai irin wannan hali ba shi da kuɗin zubarwa.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Kafin ka sayi batir, a ɗora mita. Batirin dalma mai lafiya da ya huta zai nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, 12.2 kamar rabi ke nan. Sa'ad da ake danna sitata kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In injin ya tashi aka ɗan ba shi wuta, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, koyil ko rektifaya ko yawan kaya ne; in ya haura 15, ana dafa batirin ne. A goge kawunan batir, a duba fulogi da kafireta da saitin bawul, a cire fitilun banza. In injin da aka taɓa ne ya yi nauyi, a mai da shi yadda kamfani ya yi shi.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, me zai hana ku sayi mita ɗaya ku ajiye a kowace tasha, ku koya wa yara biyu karanta ta? Sarakunan Hausawa na unguwanni, ku ja kunnen 'yan'uwanmu masu shago su riƙa ba da rasit da wa'adin mayarwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ita ma ta shiga kasuwanni ta gwada ko abin da aka rubuta a jikin batir shi ne a cikinsa.

Kai kuma ɗan'uwa, gobe in wani ya ce maka "sa babba," ka ce masa ya kawo mita tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.