Waƙa, inda ake faɗin abin da fada ba ta son ji

A Gesheme, kamar sauran garuruwan Arewa, in aka ce waƙa, hankali yakan koma ga makaɗin da ke wasa sarki ko ɗan takara, a yi masa kari, ya wuce. To, ashe waƙa tana da wani aiki wanda ba a biya.

A ƙetaren iyaka, a Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. Kakannin Arawa sun daɗe suna yaƙi da gidansa tare da Kabawa, amma wannan bai hana a duba abin da ya rubuta ba. A shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa, ya kama hanyar Makka. Abin da ya kore shi, cikin waƙar Larabci ya zuba shi: ya ga mutanen da suka fito don addini sun koma neman sarauta, dawaki, tufafi da ƙwaraƙwarai. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, daga baya ya komo gida. Bai ɓoye waƙar ba. Da ya tattara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati a 1813, tana ciki, inda waɗanda aka yi ta dominsu za su karanta.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a wata ƙasa mai nisa. A Sin, zamanin daular Tang, ɗalibi sai ya tsara waƙa a babbar jarrabawar shiga aikin hukuma. Saboda haka ma'aikaci shi ne mawaƙi. Bay Juyi (772-846), yana cin albashin sarki, ya yi waƙoƙi kan yadda haraji ke cinye manoma. Tun kafin shi, a 405, Tawo Yuwanmin ya aje muƙaminsa bayan kwana 80 da ƴan kai, ya koma gona, ya bayyana dalilinsa a waƙe. Da waƙa kuma suke sallamar aminin da aka tura aiki nesa.

Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ta riƙe ɓangarorin biyu. Waƙoƙinta na Hausa, jajjis ke kai wa matan ƙauye don karatu. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, marsiyyar da ta yi masa kukan kanta ne, amma ta jera halayensa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda duk wanda ya hau gadon bayansa zai san da abin da za a auna shi.